Yadda Na Yi wa 'Yan Ajina Wayo Suka Karanta Littattafan Ƙannensu

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci a ƙaramar sakandare ta gwamnati ya san wannan amo: malami ya karanta jimla, yara 74 su amsa da murya ɗaya har ajin da ke maƙwabtaka ya ji. In baƙo ya gitta ta bakin taga sai ya ce lallai Malam yana aiki. Ni ma na yi shekaru ina jin daɗin amon nan. Ranar da ya fita daga raina wata Talata ce a farkon zangon farko, shekarar 2023, a ajin JS 2. Mun biya wani labari da ke cikin littafin darasi har sau uku, ba gargada. Sai na kife littafin a tebur na tambaye su da Hausa, ba ma da Turanci ba: "To, a labarin nan wa ya mutu?" Aji ya yi tsit. Can wani dogon yaro da ke zama jikin bango ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, da ma mutuwa aka yi?"

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Yana da izu goma a ka, kuma ko daga barci ka tashe shi ka ce ya faɗi ma'anar "noun", zai zubo maka ita tiryan-tiryan. Abin da ba a taɓa ba shi ba shi ne Turancin da zai karanta ya gane. A takarda, yaran nan sun taso a tsarin da ya ce a fara musu da harshen gida, daga aji huɗu na firamare Turanci ya karɓi aji. A zahiri kuwa malami ya rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe, a buga ƙararrawa. Sai su shigo sakandare mu miƙa musu littafin da kalma ɗaya cikin uku baƙuwa ce a wurinsu, mu ce su auna fahimta.

A daren nan na tuna wani abu da wani malaminmu ya taɓa faɗa mana a kwalejin ilimi, wanda a lokacin don jarrabawa kawai na riƙe shi. A 1980 wasu masana biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, sun kai littattafan labaran yara masu hotuna makarantun ƙauye a tsibiran Fiji, kimanin 250 a kowane aji, ga yaran da Turanci ba harshensu ba ne. Bayan wata takwas, yaran da aka cika da labarai sun ninka takwarorinsu saurin ci gaba a fahimtar karatu. Na ce to, su sun sami mai kawo musu littafi. Mu laburaren makarantarmu kwali biyu ne a ofishin shugaba, rabinsu gara ta ɗanɗana.

Amma muna da ɗakin kwamfuta. Haka dai muke kiransa, ko da yake buhunan alli da karyayyun kujeru sun fi kwamfutocin yawa a ciki. Wata ƙungiya ce ta taɓa kawo kwamfutocin tafi-da-gidanka 12, da majigi ɗaya, da faifan sola a kan rufi. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka kulle. Na sami shugaban makaranta bayan an tashi, na ce, "Ranka ya daɗe, kayan nan zaman da suke yi shi zai kashe su." Ya daɗe yana juya makullin a hannu kafin ya ce, "Malam, in ɗaya ta lalace kai za ka rubuta bayani, ba ni ba." Ban ga laifinsa ba. Wanda ya kulle kaya har suka mutu ba a tuhumarsa, wanda ya buɗe wani abu ya fashe shi ake kira ofis. Na sa hannu a rajista, ya ba ni makulli.

Ni da wani ɗan bautar ƙasa da ya karanci kwamfuta muka kwashe Asabar guda muna karkaɗe ƙura. Bakwai suka tashi. Baturansu duk sun mutu, sai an jona su suke aiki.

Littattafan kuwa a intanet na samo su, da datar dare, tunda ita ce mai sauƙi. Wurare biyu na fi zama. Na farko African Storybook, wanda wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide take gudanarwa. Na biyu StoryWeaver, na ƙungiyar Pratham Books ta Indiya, wanda aka buɗe a 2015. Dukansu kyauta ne, kuma suna da irin lasisin nan na Creative Commons da ya yarda ka sauke littafi, ka buga shi, ka fassara shi, muddin ba ka goge sunan marubuci da mai zane ba. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne an jera su hawa-hawa. A African Storybook matakai biyar ne: na farko kalmomi kaɗan a shafi, na biyu gajerun jimloli, na uku sakin layi, haka har sama. Na sauke kusan 60 cikin mako biyu, idanuna sun yi ja, uwargida tana tambaya ko wata sabuwar sana'a na samu.

Wajen zaɓe na yi ta kauce wa duk labarin da na ga ba irin rayuwarmu ba ce, na fi ɗaukar masu awaki da rijiya da kasuwa. Daga baya yaran suka nuna mini ban san su ba. Labaran Indiya suka fi rububi. Na manta cewa waɗannan 'ya'yan gidajen da aka shekara hamsin ana kallon fim ɗin Indiya ne, ba wanda zai yi musu bayanin sari ko jirgin ƙasa mai cunkoso.

Ranar farko na shiga da ƙwarin gwiwa. Na rataye farin zanen gado a bango, na kunna majigi, na buɗe wani littafi na mataki na ɗaya: hoton akuya ƙato, da kalmomi huɗu a ƙasa. Minti biyu ba a yi ba dariya ta fara daga baya. Dogon nan ya ce, "Haba Malam, mu za a ba littafin 'yan rainon yara?" Wani ya yi kukan akuya. 'Yan mata suka rufe baki da hijabi. Na daka tsawa aka yi shiru, amma irin shirun da ka san an riga an tashi daga darasi. A zama na biyu na sa su gaban kwamfutocin, mutum goma a kan kowace. Minti 40 ɗin suka ƙare a kokawar wa zai riƙe linzami, wata ƙungiya kuma ta gano inda wasan karta yake. Sati biyu na yi ina wannan wahala. Malamin lissafi ya tare ni a ɗakin malamai ya ce, "Ya sinimar taku?"

Da na zauna na duba, matsalar ba ta kwamfuta ba ce, ba kuma ta littafi ba. Kunya ce. Yaro ɗan shekara 13 ko 14, wani ma yana zuwa kasuwa yana juya kuɗi, wata an fara yi mata kallon budurwa, ka ɗora masa littafin da ya san na ƙanensa ne a gaban abokansa, ka ci masa fuska. Gara ya riƙe babban littafin da ba ya ganewa da a gan shi da ƙaramin da yake ganewa. Kuma gaskiyar ita ce ƙaramin ne daidai da shi. Na tabbatar da haka da wata dabara mai sauƙi: na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya lokacin tara, in ba yaro shafi ya karanta a hankali, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa. Mafi yawansu a mataki na biyu suka tsaya. Kaɗan suka kai na uku. Tara daga cikinsu ko Hausa ba sa iya haɗa baƙi da wasali.

Mafitar daga inda ban zata ba ta zo. Harabarmu ɗaya da makarantar firamare, katanga ma babu. Wata rana muna tsaye da shugabar firamaren ƙarƙashin darbejiya tana kukan cewa 'yan aji uku ba su da abin karantawa ko na Hausa. Tana magana ina jin wani abu yana faɗo mini. Na ce, "Hajiya, in na kawo miki littattafai masu Hausa da Turanci, har da murya, za ki karɓa?" Ta ce, "Malam, wa zai ƙi?" Na ce to sharaɗi ɗaya: ke za ki shigo ajina da kanki ki roƙa.

Ta kuwa zo, ta yi abin da ya fi wanda na tsara. Ta gaishe su kamar manya, ta ce ƙannenku ba su da littafi, ku ne yayye, ku kuka san Turanci, ku taimaka ku juya musu waɗannan zuwa Hausa ku karanta musu. Wallahi kafaɗu suka tashi. Littafin akuyar nan da aka yi wa dariya sati uku da suka wuce, shi aka fara rigimar wace ƙungiya za ta ɗauka. Yanzu ba wanda zai ce kana karanta littafin yara, aiki kake yi wa yara.

A nan kwamfuta ta sami aikin yi. Ɗan bautar ƙasan nan ya sa mana wata manhaja mai suna Bloom, ta ƙungiyar SIL, wadda aka yi don haɗa littattafai a harsunan da ba su da littattafai da yawa. Kyauta ce, kuma da zarar ta sauka ba ta neman intanet. Shafi yana zuwa da hoto da gurbin rubutu na kowane harshe, kuma yawancin labaran da na sauke akwai irinsu a rumbunta, sai dai ka cika gurbin Hausa. Na raba ajin biyu. Na roƙi a haɗa mini darasi biyu a jere ranar Laraba: rabi suna ɗakin kwamfuta, mutum biyar-biyar, rabi suna ƙarƙashin bishiya da kwafin takarda, bayan minti 40 a yi musanya. Doka ta farko, ba mai taɓa kwamfuta sai ƙungiyarsa ta gama fassara a littafin rubutu na sa hannu. Kowa da aikinsa: mai karanta Turancin da ƙarfi, mai riƙe ƙamus, mai rubutu, mai bugawa, da mai duba kuskure. Kowane mako a juya, don kada mai ƙarfi ya mallake madannai.

Abin da ya faru a ƙungiyar dogon nan shi ne abin da har yau nake ba malamai labari. Labarinsu na wata yarinya ce da aka aika gidan "uncle" ɗinta. Mai ƙamus ya duba ya ce kawu. Wata yarinya ta ce a'a, ai zai iya zama baffa. Bature kalma ɗaya gare shi, mu kuwa ɗan'uwan uwa daban, ɗan'uwan uba daban. Suka kira ni in raba gardama. Na ce ni ma ban san dangin yarinyar ba, ku nemo a littafi. Suka koma shafin farko. Suka karanta har ƙarshe, ba su gani ba. Suka sake. A karo na huɗu dogon ya buga benci ya ce, "Ga shi nan! Uwar ce ta ce 'my brother'. Kawu ne!" Na tsaya ina kallonsa. Yaron da bai san an yi mutuwa a labarin da ya biya sau uku ba, yau ya bi labari sau huɗu yana farautar kalma biyu, ba wanda ya tilasta masa, ba bulala.

Daga nan na gane fassara ita ce auna fahimtar da ba a iya yi wa maguɗi. Yaro zai iya kwafo amsa daga cikin nassi ba tare da ya gane komai ba, dukanmu mun san dabarar: nemo kalmar da ke cikin tambaya, kwafe jimlar da take ciki. Amma ba zai iya faɗin abu da Hausa ba sai ya san me aka ce. Kuma kowace jimla da tarkonta. "You" kai ne, ko ke, ko ku? Sai an duba hoto an ga da wa ake magana. Akuya a Turanci "it" ce, a Hausa dole "ta". Da suka juya suna ba da labarin da Turanci sai na ji ana "the sun she is hot", na gane daga ina kuskuren yake fitowa: rana mace ce a bakinmu. Shekaru ina jan jar biro a kan irin wannan ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Akwai masu wayo, ba a rasa su. Wata ƙungiya ta kawo fassarar littafi guda cikin dare ɗaya, tsaf. Ina dubawa na ga an rubuta wai yara suna wasa a "bankin kogi". Ashe wayar yayan ɗayansu aka ba aikin, manhajar fassara ta ga "bank" ta kai su inda ake ajiye kuɗi. Ban hukunta kowa ba. Na haska shafin a bango tare da hotonsa, na ce wa zai nuna mini bankin. Aka yi dariya har da hawaye, wata ta ce, "Malam, gaɓar kogi ce." Tun daga ranar in wani ya kawo fassarar da ba ta zauna ba sai ka ji an ce masa ya je banki.

Wajen bugawa wata matsala ta ɓullo da ban yi tsammani ba, ta Hausar kanta. Madannan kwamfutocin ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai da muka sa wata ƙaramar manhaja, Keyman, kafin haruffa masu lanƙwasa suka samu. Kafin nan an buga "baki" a inda ake nufin "baƙi", an buga "kasa" a wurin "ƙasa". Ga kuma haɗe kalmomi, "yace" da "tace" ko'ina. Na je na roƙi malamar Hausa ta riƙa leƙo mu. Da farko ta ɗauka zolaya ce, malamin Turanci yana neman ta, a makarantar da a da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji. Ita ce kuma ta karɓi yaran nan tara, ta fara da su daga ba, bi, bu. Na so in ce na yi musu wani abu da Turanci a zangon, amma ban yi ba. Wanda bai iya karatu da harshen da yake mafarki da shi ba, ba ka da inda za ka ɗora masa wani. Aikinsu a ƙungiya shi ne duba hoto su faɗi abin da suke gani, kuma sun fi kowa lura.

Sai batun murya, wanda shi ya fi komai daɗi. Bloom tana da wurin ɗaukar murya jimla-jimla, in an kunna littafin sai jimlar da ake karantawa ta haskaka. Makirufo ba mu da shi, abin kunne na waya muka jona. Akwai wata yarinya siririya da tun shigowarta makarantar ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Jimlarta ita ce "The pot is full." Ta ɗauka, aka kunna, sai muka ji "The fot is pull." Ita da kanta ta zaro ido. Hausa ba ta raba p da f, sauti ɗaya ne a wurinmu da ke yawo tsakaninsu, shi ya sa kunnenmu ba ya jin bambancin sai an nuna masa. Na yago 'yar takarda na riƙe gaban leɓena: in ka ce p leɓɓa biyu suna haɗuwa su fashe, takarda ta yi tsalle, in ka ce f haƙoran sama suna hawa leɓen ƙasa, iska ta zirara. Ta karɓi takardar ta koma lungu. Sau 11 ta ɗauka tana gogewa. Ban ce mata ta sake ba ko sau ɗaya, ita ce take cewa, "Malam, bai yi ba, yara za su koya a karkace." Haka aka yi fama da "very" da ke zama "bery", da "school" da ke zama "sukul", don harshenmu ba ya son baƙi biyu su haɗu ba wasali a tsakani, shi ya sa ma muka mai da "bread" burodi. Ni ma ban tsira ba. Na ɗauki shafi ɗaya don in nuna musu misali, aka kunna, dogon ya ce, "Malam, kai ma 'fiful' ka ce." Na saurara. Gaskiyarsa.

Kada wani ya ɗauka komai ya tafi sumul. Da hunturu ya shigo ƙura ta rufe faifan sola, wuta ta riƙa ɗaukewa kafin darasi ya kai rabi, sai da na sa monita ya riƙa hawa da tsumma duk safiyar Laraba. Janareta ba ta cikin lissafi, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ya kusan ninka uku. Babban tashin hankalin kuwa na filashi ne. Na kai shi wani shagon buga takardu a cikin gari don a fitar mana da littattafai huɗu na farko, na dawo na soka shi a kwamfutocinmu, washegari fayiloli suka ƙi buɗuwa. Ɗan bautar ƙasa ya ceto mafi yawa, amma muryoyin ƙungiyoyi biyu sun tafi, har da na siririyar nan. Ranar da na faɗa musu ban iya kallon idonta ba. Rubutun dai bai ɓata ba, albarkacin dokar nan ta fara rubutawa a takarda. Daga nan duk ranar da aka tashi sai na kwafe komai a wayata, kuma filashin da ya je gari ba ya sake shiga ɗakin.

Mataimakin shugaba mai kula da karatu shi ma ya kira ni. Ya buɗe tsarin darasin zango ya ce, "Malam, mako na shida 'past tense' ne. Ina yake a cikin wannan tatsuniyar taku? Yaran nan BECE za su rubuta baɗi." Tambayarsa tana kan hanya, jarrabawar ƙarshen JS 3 ba ta san akuya ba. Na gayyace shi aji. Na haska labarin da suka riga suka fassara, wanda kowa ya san shi ciki da bai, na ce a fito da duk kalmar aikin da ke nuna abin ya riga ya faru. Muka yi layi biyu a allo: masu ɗaukar "ed" a wutsiya, da masu taurin kai irin "went" da "ate" da "took". Cikin minti 20 allo ya cika, kuma kowace kalma yaran sun san wa ya yi ta, a wane shafi. Bai ce na burge shi ba. Ya dai ce in riƙa rubuta taken nahawun a saman shirin darasi don masu duba makarantu. Na riƙa rubutawa. Sauran kwanakin mako kuma littafin darasi muke yi kamar kowa, Laraba ce kawai tamu.

A zango na uku muka juya akalar. Maimakon daga Turanci zuwa Hausa, na ce kowace ƙungiya ta je wurin wata tsohuwa a gida ta karɓo tatsuniya, a rubuta da Hausa, a mai da ita Turanci mai sauƙi, a zana hotuna a ɗauka da waya a sa a littafi. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma a nan raunin rubutunsu ya fito fili. Shafi takwas sai ya ci mako uku. Wata ta dawo ta ce kakarta ta ce ba a tatsuniya da rana, in kuwa dole ne a makaranta za a yi, to a fara ɗaure Gizo. Aka yi ta muhawarar yadda za a ce "Ga ta nan, ga ta nanku" da Turanci. Masu ƙamus suka kawo "once upon a time", wasu suka ce ai wannan ba ya neman amsa, namu kuwa sai an ce "Ta zo mu ji ta." A ƙarshe suka yanke a bar shi da Hausa a shafin Turancin ma, haka "Ƙurunƙus". Gizo ma aka ƙi mai da shi "spider", wai in ka ce haka ka mai da shi ƙwaro kawai. Ban sa baki ba, kuma ina ganin sun fi ni gaskiya.

Wani uba ya zo har makaranta a kan wannan. Ya ce, "Malam, na turo yaro ya koyi Turanci, ya dawo yana damun tsohuwa da Gizo da Ƙoƙi." Na ba shi kujera, na ce, "Alhaji, ba ni minti biyu." Na kunna masa littafin ƙungiyar ɗansa a wayata, ta manhajar Bloom Reader, muryar yaron tana karanta Turanci jimla tana haskawa. Ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba. Sai ya ciro tasa wayar ya ce a tura masa. Ta Xender muka tura, a nan ofis.

Kafin hutun ƙarshen shekara na sake gwajin yatsu. Mafi yawansu sun hau mataki ɗaya, wasu 'yan kaɗan biyu. Cikin taran nan, shida suna karanta Hausa a hankali suna bin layi da yatsa. Insha'i har yanzu yana ɗingishi, "a" da "the" suna faɗuwa inda suka ga dama. Littattafai 19 muka kammala, muka buga su a farar takarda, aka ninke biyu aka ɗinke da zare da allura, don abin maƙala takarda ya ƙare.

Ranar miƙawa aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya, kowane ɗan JS 2 da yara biyu ko uku a gabansa. Siririyar nan, wadda ta sake ɗaukar muryarta daga farko bayan ɓarnar filashi, na hango ta ta yago takarda tana riƙe wa wani ɗan aji uku a gaban baki. Hajiya tana zagayawa tana cewa a ƙara mata goma baɗi.

Da aka watse ina kulle ɗaki sai ga dogon nan ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya nuna wani littafi na mataki na huɗu da na buga don kaina, mai shafi kusan 30, rubutu cunkus, hoto kaɗan. Ya ce, "Malam, a ba ni aron wancan mai kaurin. Ƙanena zan karanta wa a hutu." Na san gidansu. Ƙanen nasa ko yaye shi ba a yi ba. Na buɗe rajista na rubuta sunansa da kwanan wata, na ce ya kula kada ruwa ya taɓa shi.